Yadda Ake Gaya wa Na Gida Labarin Ceto Ba Tare da An Ɓata Zumunci Ba

Wa'azi ga baƙo ya fi sauƙi. Ka tsaya a tasha ko a bakin kasuwa, ka faɗi abin da za ka faɗa, ka kama gabanka. Ba wanda ya san ko jiya da dare ka zagi matarka. Amma wadda ta goya ka, ko wanda kuka tashi kuna cin tuwo a kwano ɗaya, sun san ka ciki da bai. Ubangiji Yesu da kansa ya ce annabi ba ya rasa daraja sai a garinsu da cikin danginsa (Markus 6:4), kuma Yahaya 7:5 ta faɗa ƙarara cewa ko 'yan'uwansa ba su ba da gaskiya gare shi ba a lokacin. To in ka ji bakinka ya yi nauyi a gaban babanka, ba kai ne farau ba.

Ni kam ba nauyin baki ne ya kayar da ni ba, saurin baki ne. Shekarar da na karɓi Yesu ina makaranta a Jos, na dawo ƙauyenmu hutun Kirsimeti zuciyata na tafasa. Ranar bikin an kawo shinkafa da naman akuya zaure, Baba na zaune da abokansa uku. Ban bari an kai loma ta biyar ba na ce, "Baba, in yau kuka mutu, ina za ku?" Zauren ya yi tsit. Baba ya jawo kwanon ruwa, ya wanke hannu, ya ce, "Bari in leƙa awakin nan." Bai dawo ba har baƙin suka watse. Wata uku bayan haka gaisuwa kaɗai ke haɗa mu. Tambayar ba ƙarya ba ce, amma na kunyata dattijo a gaban sa'o'insa, ranar farin ciki, a zaurensa. Abin da zan jero a nan, rabinsa daga wannan wanke hannun na koye shi.

Mataki na farko: share ƙofar gidanka

Kafin ka buɗe baki, zauna ka tambayi kanka: akwai abin da wannan mutumin yake bi na? Ba wai a ruhaniya ba, a zahiri. Ni yayana yana bi na kuɗin taki buhu biyu tun wata damina, na yi ta noƙewa. Da na fara yi masa zancen gafarar zunubi sai ya yi murmushi ya ce, "Shi Yesun bai ce a biya bashi ba?" Ya gama da ni. Sai da na sayar da tunkiyata na kai masa kuɗinsa kafin ya sake sauraro na.

Saboda haka ka biya bashi, ka mayar da abin aro, ka nemi gafara a kan maganar da ka yaɓa wa ƙanwarka a bikin bara. In gardamar gonar gado ce tsakaninku, kada ka ɗauko zancen ceto alhali kana riƙe da kadadar da ba taka ba. Ba sai ka zama marar aibi ba, don in haka ne ba mai yin magana har abada. Abin da ake so shi ne su ga cewa wanda ba ya ba da haƙuri a da, yau ya durƙusa ya bayar. Hali zanen dutse ne a wurin Bahaushe, shi ya sa in suka ga zanen ya sauya, su da kansu za su tambayi dalili.

Na biyu: zaɓi mutum ɗaya, ka riƙa kiran sunansa a addu'a

Kada ka ce za ka juya dangi gaba ɗaya a hutu guda. Andarawas da ya sadu da Yesu, mutum ɗaya ya fara nema, ɗan'uwansa Saminu (Yahaya 1:41-42). Ɗauki ɗaya ko biyu, ka sa musu lokaci, ko bayan addu'ar safe ko kafin ka kwanta. Ka roƙa masa lafiya da albarkar gona da zaman lafiyar gidansa, ba tuba kaɗai ba, don wanda kake roƙa wa alheri kullum da wuya ka yi masa magana da gatse.

Tsofaffinmu da suka ga tashen Sabon Rai Don Kowa, wanda ya taso daga Jos a shekarun 1960, sun san wannan: kafin a fita bishara, sai an kafa ƙananan ƙungiyoyin addu'a a gidaje tukuna. Samu mutum ɗaya mai riƙon amana ku riƙa yi tare. Mai riƙon amana na ce. Kada ka miƙe a tsakiyar sujada ka ce, "A yi wa mijina addu'a, mashayi ne." Kafin la'asar maganar ta kai masa, ka kuwa rufe ƙofar da kake neman buɗewa.

Kuma ka shirya jira. Monika, mutuniyar Tagaste a ƙasar da yau ake kira Aljeriya, ta shafe shekaru tana kuka a kan ɗanta Agustin kafin aka yi masa baftisma a Milan a shekara ta 387. Shi ne ya zama ɗaya daga cikin manyan malaman ikilisiya.

Na uku: tambaya kafin bayani

Nan ne yawancinmu muke tuntuɓe. Muna zuwa da amsar tambayar da ba a yi mana ba. "Na gida" ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda aka haifa a ikilisiya, sunansa Bulus ko Rifkatu, ya haddace waƙoƙi, amma ya ɗauka takardar baftisma ita ce ceto. Akwai tsohon da ke riƙe da al'adar kakanni, wanda damuwarsa ba wuta da aljanna ba ce, tsoron iskoki da sammu ne. Akwai ɗan'uwa Musulmi mai riƙon addininsa da gaske. Akwai kuma wanda ikilisiya ta ɓata wa rai.

Babana na ƙarshen ne, ni kuwa ban sani ba. Sai bayan shekara biyu, muna cirar gyaɗa mu biyu, na ce, "Baba, na ji an ce da kuna cikin mawaƙa. Me ya faru?" Ya yi shiru har na zaci ba zai amsa ba. Can ya karkaɗe ƙasa daga wani tushe ya ce wani dattijon ikilisiya ne ya ci masa iyakar gona, aka kai maganar gaban shugabanni, suka goyi bayan mai kuɗi. "Ranar Lahadi kuma shi ne ya raba Jibin Ubangiji, gurasa da ƙoƙon tunawa da mutuwar Yesu. Na ce in dai wannan hannun ne zai miƙo mini, na ƙoshi." Shekara ashirin yana ɗauke da wannan, ni kuma na zo ina tambayarsa ina za shi in ya mutu.

Ire-iren tambayoyin da ke buɗe zuciya masu sauƙi ne. "Inna, da kina yarinya wa ya fara koya miki addu'a?" "Yaya, kai a ganinka me ke sa Allah ya karɓi mutum?" "Kawu, me kuka fi tsoro in dare ya yi?" In ya fara magana, kame bakinka. Kada ka gyara masa kuskure a zaman farko. In an cuce shi, ka ce an cuce shi. Na ce wa Baba, "Ba a kyauta muku ba." Iyakar wa'azin da na yi ranar ke nan, kuma ya fi na zauren amfani nesa ba kusa ba.

Na huɗu: lokaci da wuri da bakin da ya dace

Kada a gaban mutane, kada a tsakiyar faɗa, kada mutum na jin yunwa ko ya sha ya bugu. Gidan makoki ma ba wurin ƙure mutum ba ne. Je ka yi gaisuwa, ka ɗebi ruwa, ka zauna. Lokacin da hannu ke aiki ido ba ya kallon ido shi ya fi: ɓarar gyaɗa, tsinkar zogale, doguwar tafiya a mota, hira bayan tuwon dare in yara sun kwanta.

Ka nemi izini. Ga babba, ka rusuna ka ce, "Baba, akwai maganar da ke raina, in kun ba ni dama." In ya ce ba yau ba, to ba yau ba.

Sannan ka duba ko kai ne ya kamata ka yi maganar. Al'adarmu tana da kunya, kuma bishara ba ta zo ta rushe ta ba. Suruki ba ya zama ya yi wa surukarsa dogon bayani. Uwar da ko sunan ɗanta na fari ba ta kira, da wuya ta buɗe masa cikinta, amma za ta buɗe wa autarta. Ita kuma al'adar ta bar mana ƙofofi: wasan jika da kaka, da wasan taubasai. Jikar da ke ce wa kakanta "mijina" tana iya gaya masa abin da ɗansa na cikinsa ba zai iya ba, ya yi dariya, maganar kuwa ta shiga. In ka ga bakinka bai kai ba, nemi sa'ansa mai bi wanda yake ganin girmansa. Ba gasa ake yi ba.

Na biyar: shirya shaidarka, gajeriya

Mutumin da Yesu ya raba da aljanu a ƙasar Garasinawa ya so ya bi shi, amma Yesu ya ce ya koma gida wurin mutanensa ya faɗa musu abin da Ubangiji ya yi masa (Markus 5:19). Bai ce ya je ya yi muhawara ba. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Zauna ka tsara abu uku: yadda kake a da, yadda aka yi ka ba da gaskiya, da abin da ya sauya. Kada ta wuce minti uku. Kada ka ƙara gishiri, don mai sauraronka yana nan lokacin da abin ya faru. In ba ka taɓa shan giya ba, kada ka ƙirƙiro wa kanka tarihin mashaya. "Ina zuwa coci amma ina kwana da tsoron mutuwa, yanzu ina barci" shaida ce cikakkiya. Ka faɗi abin da har yanzu kake fama da shi ma, tun kafin su tuna maka.

Ka zubar da yaren cikin coci. "An wanke ni da jinin Ɗan Rago" magana ce mai daɗi ga wanda ya san ta, amma kawun da bai taɓa shiga majami'a ba zai zaci wani tsafi kake nufi.

Na shida: ainihin maganar ceto

Wata rana za a ba ka dama, watakila minti biyar. Ka san abin da za ka faɗa. Gaɓoɓi huɗu ne, kuma ya kamata ka iya faɗinsu ba tare da ka buɗe littafi ba.

Allah ne ya halicce mu, yana kuma ƙaunarmu. Daga nan ake farawa, ba daga wuta ba. Sai kuma cewa dukanmu mun yi zunubi mun kasa kaiwa ga ɗaukakar Allah (Romawa 3:23), hakkin zunubi kuwa mutuwa ne (Romawa 6:23). Ka ce "mu", kada ka ce "kai". Na uku, abin da muka kasa biya Yesu ya biya: tun muna masu zunubi Almasihu ya mutu dominmu (Romawa 5:8), ya kuma tashi a rana ta uku. Na huɗu, ana karɓar wannan ta wurin tuba da bangaskiya, kyauta ce, ba ladan aiki ba, don kada kowa ya yi fahariya (Afisawa 2:8-9).

Misalin da na ga yana shiga kunnen mutanenmu shi ne na bashi. Kowa ya san manomin da ya ci bashin hatsi da bazara, damina ta ƙi, mai bashi ya zo ƙofar gida. Gaisuwa mai kyau ba ta biya, alkawarin gyara hali ba ya biya. Sai wani ɗan'uwa ya zo ya ce, "Na ɗauke masa," ya auna ya biya. Abin da ya rage wa manomin shi ne ya yarda an biya masa, ko kuwa girman kai ya sa ya ce shi sai ya biya da kansa. In kuma ya yarda, ba zai ƙara yi wa wanda ya fanshe shi kallon banza ba. Nan ne wurin ayyukan kirki: godiya ce, ba kuɗin saye ba.

Ga tsohon da ke tsoron iskoki, fara da labaran da Yesu ya tsauta wa aljanu da hadari suka yi masa biyayya. Ga ɗan coci mai dogara da takarda, karanta masa labarin Bafarisiye da mai karɓar haraji a Luka 18. Ga wanda ya yi nisa yana jin kunyar dawowa, Luka 15, labarin yaron da ya cinye gadonsa ya dawo, uban ya hango shi tun daga nesa ya sheƙa a guje, wansa kuwa ya yi fushi ya ƙi shiga gida. Labari ɗaya a zama ɗaya ya isa. Ka gama ka tambaye shi, "Kai me ka gani a ciki?"

Maganganun da za ka ji

"Ni ban cuci kowa ba." Kada ka musa masa. Ka ce gaskiya ne mutane na shaidarsa, sannan ka tambaya ko shi da kansa zai yarda a baje duk abin da ya taɓa saƙawa a zuci a gaban jama'a. Ka riga shi cewa kai ba za ka yarda ba.

"Ku masu zuwa cocin ma ga halinku." Amsa ita ce, "Haka ne." Ba mu kake kira ya bi ba.

"To kakannina da suka mutu ba su ji ba fa?" Wannan tambaya da hawaye a ƙarƙashinta, kada ka amsa ta da garaje. Ba kai ne alƙali ba. Ibrahim ya ce mai shari'ar dukan duniya zai yi daidai (Farawa 18:25), ka tsaya a nan.

In an yi maka wadda ta fi ƙarfinka, ka ce za ka tambayo, ka kuma tambayo ɗin da gaske.

In ɗan'uwan Musulmi ne

A Zariya da kudancin Kaduna da Bauchi da Gombe da Adamawa, gida nawa ne za ka tarar wa na zuwa masallaci ƙane na zuwa coci, ana kai wa juna naman Sallah da shinkafar Kirsimeti? Wannan zumunci dukiya ce, kada ka yi wasa da ita. Kada ka taɓa aibata abin da yake girmamawa, ko da wasa. In lokacin salla ya yi, kai ne za ka miƙa masa buta. Bitrus ya ce mu ba da amsa ga mai tambayar dalilin begenmu, amma da tawali'u da ladabi (1 Bitrus 3:15).

Ya riga ya san Annabi Isa ɗan Maryam, ya yarda budurwa ce ta haife shi, ya yarda ya warkar da makafi da kutare. Inda kuka rabu shi ne gicciye da kuma kalmar "Ɗan Allah". Kada ka ɓoye bambancin don a ji daɗi, kada kuma ka mayar da shi fagen dambe. Ka bayyana masa cewa babu Kirista da ke nufin Allah ya yi aure ya haihu, mu ma wannan saɓo ne a wurinmu, kuma Allah ɗaya muke bauta wa. Shi ma zai kira ka zuwa nasa addinin, don yana ƙaunarka kamar yadda kake ƙaunarsa. Ka saurare shi yadda kake so ya saurare ka.

Abu biyu ban yarda a yi sakaci da su ba. Kada ka zagaya bayan iyaye ka ja yaron da bai balaga ba. Kuma ka riƙe sirri. Sashe na 38 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ba kowa 'yancin addini har da sauya shi, amma takarda ba ta hana a raba mutum da matarsa ko a kore shi daga gida. Shi zai ɗauki wannan nauyin, ba kai ba. Saboda haka ba hoto, ba Facebook, ba ba da shaida da sunansa a taro. Shi ke da ikon faɗa, a ranar da ya ga dama.

Mata da miji

Nan ba dogon bayani. 1 Bitrus 3:1-2 ta ce ana iya rinjayar miji ba da magana ba, ta wurin halin matarsa. 'Yar'uwa, in kin dawo daga Zumuntar Mata kada ki mayar da kwanon tuwo mumbari. Haka kai ma maigida, ba a tilasta bangaskiya da kuɗin cefane.

Abin da za ka bar masa a hannu

Tun 1932 muke da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Likita Miller na Zariya ya sha wahala a kai tare da abokan aikinsa, aka kuma fito da sabuwar fassara a 1979. Ga tsofaffi da yawa tsohuwar ce ke taɓa zuciya, don da ita suka yi haddar yarinta. Ga sabon mai karatu, nuna masa Luka ko Markus, kada ka bar shi ya faɗa cikin Littafin Firistoci ya gaji. Wanda ba ya karatu, sa masa na sauti a katin waya ko a 'yar rediyo mai cin kati. Amma don Allah a daina cika zauren WhatsApp na dangi da saƙon "tura wa mutum goma". Aya ɗaya da ka zaɓa domin shi, ka tura masa shi kaɗai ranar da yake cikin damuwa, ta fi ɗari.

In ya ce i, in ya ce a'a

In ya nuna yana so, ka tambaye shi ya faɗa maka da bakinsa abin da ya fahimta, don na gida yakan ce "to" don kawai ya faranta maka. Romawa 10:9 ta haɗa shaidar baki da gaskatawar zuciya. Bari ya yi addu'a da kalmominsa, ko da guntaye ne. Bayan haka ka haɗa shi da fasto ko dattijo mai hankali, a sa shi ajin baftisma, kai kuma ka ci gaba da zama da shi kuna karatu ko sau ɗaya a mako. In akwai layu ko kayan tsafi, shi zai yanke shawarar rabuwa da su. Kada ka shiga ɗakinsa ka kwashe.

In ya ce a'a, ka ce, "Na gode da kuka saurare ni," ka kuma dawo gobe da gaisuwa kamar kullum. Kuɗin makarantar 'ya'yansa da kake biya, ci gaba da biya. Ranar da ka ɗaura taimako a kan tuba, ka sayi munafuki ne kawai. 'Yan'uwan Yesun nan da suka ƙi shi a Yahaya 7, su ne muka tarar suna addu'a tare da manzanni a Ayyukan Manzanni 1:14, ɗaya daga cikinsu ma, Yakubu, har ya zama jigon ikilisiyar Urushalima.

Babana har yau bai koma majami'a ba. Dattijon da ya ci masa gona ya daɗe da rasuwa, amma ya ce ƙafarsa ba ta saba ba tukuna. Bara da kaka na kai masa 'yar rediyo mai kati, ya karɓa bai ce komai ba, ya rataye ta a ƙusar zaure kusa da fartanya. Da na je Ista, Inna ta ja ni gefe ta ce kullum bayan tuwon dare sai ya kunna, wuri ɗaya kuma yake maimaitawa. Da zan tafi ya rako ni har bakin hanya, abin da bai saba yi ba. Ya ce, "Wannan yaron da ya cinye gadonsa, shi wan nasa ya shiga gidan daga baya kuwa?" Na ce labarin bai faɗa ba. Ya jinjina kai ya ce, "In za ka dawo, ka taho mini da batir."